Yadda Manomi a Sakkwato Zai Yi Amfani da Hasashen Yanayi Wajen Tsara Noman Shekara

Daminar ƙasar Sakkwato gajeriya ce. Galibi ruwa yakan kankama a cikin watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta lokacin marka, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma abin da ke sauka a kewayen birni a shekara mai matsakaicin ruwa kimanin milimita 600 zuwa 700 ne. Manomin Kebbe ko Tambuwal yakan samu ɗan ƙari a kan haka, na Illela da Gada da Sabon Birni kuwa yakan samu ƙasa da haka. A cikin waɗannan watanni uku zuwa huɗu ne magidanci zai nema wa gidansa abincin wata goma sha biyu, saboda haka kuskuren mako biyu wajen shuka, ko zaɓen irin da bai dace da tsawon daminar ba, yana iya zama dalilin da rumbu zai ƙare tun kafin bazara.

Kowace shekara ana fitar da bayanan hasashen yanayi, ana karanta su a rediyo, amma abin da ke damuna shi ne yawancinmu muna jin su ne kamar sauran labarai, mu ce Allah Ya sa mu ga alheri, mu ci gaba da yin abin da muka yi bara. Bayanin da bai canza ko shawara ɗaya a gonarka ba bai amfane ka da komai ba. Matakan da ke tafe hanya ce ta ɗaure kowane bayani da wani aiki da za ka yi ko ka fasa.

Kafin a shiga matakan, akwai wata magana da dole a share ta, domin ita ce ke hana mutanen kirki da yawa saurara. Wasu suna ganin hasashen ruwa shiga hurumin gaibu ne. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so a lokacin da Ya so, kuma babu ma'aikacin yanayi mai hankali da ke da'awar ya san gobe. Abin da suke yi shi ne auna zafin tekuna, da tafiyar iska, da laimar da ke cikinta, su gwada da abin da ya faru a shekarun baya, sannan su faɗi abin da ya fi yiwuwa. Wannan ɗan'uwan abin da kakanninmu suke yi ne idan sun ga shamuwa ta iso, ko gawo ya fara zubar da ganye, ko iska ta juyo daga kudu maso yamma da ɗanshi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma sauraron hasashe yana cikin wannan ɗauri.

Mataki na farko shi ne ka san inda bayanin gaskiya yake fitowa da lokacin da yake fitowa. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina na shekara a farkon shekara, galibi tsakanin Janairu da Fabrairu. A cikinsa akwai ranar da ake tsammanin damina za ta fara a kowane yanki, da ranar da za ta ƙare, da adadin kwanakin noma, da yawan ruwan da ake sa ran samu, da gargaɗi kan tsaikon ruwa a tsakiyar damina, har da zafin watannin bazara. Hukumar tana kuma fitar da hasashen kwana ɗaya zuwa uku a kai a kai. Ita kuwa hukumar NIHSA, mai lura da koguna da ruwan ƙasa, tana fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina, inda take lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ke tara masana daga ƙasashen Sahel gab da damina su fitar da hasashen yankin gaba ɗaya, kuma manomin da ke bakin iyaka yana iya kama shi ta gidajen rediyon Nijar, tun da gajimaren da ke bi ta Birnin Konni shi ne ke bi ta Illela.

Hanya mafi sauƙi ta samun waɗannan bayanai ita ce malamin gona na yankinku, ko sashen aikin gona na sakatariyar ƙaramar hukuma, ko shirye-shiryen manoma a gidajen rediyo irin su Rima Radiyo. Idan akwai ɗalibi a gidanku mai waya, ka sa shi ya nemo takardar a shafin hukumar ya karanta maka layin ƙaramar hukumarku kaɗai. Saƙon da aka turo ta WhatsApp kuwa, kada ka gina shawara a kansa sai ka ga abu uku a jikinsa, wato sunan hukumar da ta fitar, da kwanan wata mai ɗauke da shekara, da sunan wurin da ake magana a kai, domin sau da yawa gargaɗin ambaliyar wata jiha ne na shekarar da ta wuce yake sake zagayowa.

Mataki na biyu, ka samu littafin rubutu na kwabo-kwabo, irin na 'yan makaranta, ka keɓe shi ga gona. A shafin farko ka rubuta abu huɗu game da ƙaramar hukumarka, da boko ko da ajami: ranar farawa, ranar ɗaukewa, ko ruwan zai kai yadda aka saba ko ya gaza ko ya zarce, da watan da ake tsoron tsaiko da kwanakinsa. A ƙarƙashinsu ka rubuta abin da dattawan garinku suka ce game da shekarar bisa alamomin da suka gani.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya nutsu, domin lissafi ne. Ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar farawa da ranar ɗaukewa. A ɗauka, don misali kawai, an ce damina za ta fara a yankinku ranar 20 ga Yuni ta ƙare ranar 30 ga Satumba. Kwana 102 ke nan. Kada ka ɗauki wannan adadi cif, domin ranakun hasashe suna iya gusawa gaba ko baya da kwanaki, kuma kai kanka ba lallai ne ka gama shuka a rana guda ba. Ka cire kwana goma zuwa mako biyu a matsayin tsaro, sai ya rage maka kimanin kwana 90. Yanzu sai ka dubi irin da ke cikin rumbunka, ka tambayi kanka kwana nawa kowanne yake ɗauka kafin ya nuna. Gero mai saurin nuna, irin SOSAT, yana kaiwa a cikin kimanin wata uku, saboda haka ya shiga lissafi. Waken da ake kira ɗan wuri, wanda ke nuna a cikin kwana 60 zuwa 75, ya shiga da rara. Maiwa da dawa mai jinkiri, masu neman wata huɗu ko fiye, ba su shiga ba, sai dai a gonar da ƙasarta ke riƙe laima bayan ruwa ya ɗauke.

Wannan ba ya nufin ka watsar da irin gado. Irin da mahaifinka ya bar maka ya saba da ƙasarku, yana ba da kara mai yawa ga dabbobi da shinge, kuma tuwonsa da furarsa su ne iyali suka sani. Abin da hasashe zai canza shi ne rabon fili. A shekarar da aka ce damina za ta yi tsawo, ka ba irin gado kaso mafi girma. A shekarar da aka ce za ta makara ko ta ɗauke da wuri, ka ba mai saurin nuna kaso mafi girma, ka mayar da irin gado gonar da ta fi laka. Amfanin jin hasashe tun Fabrairu ke nan: kana da wata uku na neman iri mai kyau a tsanake, ka gwada tsirarsa ta hanyar jera ƙwaya ashirin a cikin tsumma mai laima na 'yan kwanaki, kafin ranar da kowa zai ruga kasuwa farashi ya tashi a cika ta da gauraye.

A wannan lokaci ne kuma za ka yanke shawarar kuɗi. Idan an ce ruwa zai gaza, ba shekarar cin bashi mai nauyi don sayen taki ba ce, kuma ba shekarar faɗaɗa gona ba ce. Gara ka zuba ƙarfinka a kan abin da zai riƙe ɗan ruwan da ya samu, wato kai takin gargajiya gona tun rani, da barin kara a kwance ya rufe ƙasa, da haƙa ƙananan ramukan tara ruwa da ake kira tassa, ko masu siffar rabin wata, a kan faƙo, kamar yadda manoman yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar suka daɗe suna yi suna farfaɗo da filayen da aka fidda rai da su.

Mataki na huɗu, ka kafa ma'aunin ruwa a gonarka ko a filin gidanka. Tashar auna yanayi ta filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na III ba za ta gaya maka abin da ya sauka a ƙauyenku ba, domin ruwan ƙasar nan yana iya cika wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Ka nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya ne, ka cire murfin sarai, ka ɗaure shi a kan turke a tsaye daidai, a fili nesa da bishiya da katanga da indararo, inda awaki ba za su kai baki ba. Kowace safiya bayan an yi ruwa, a lokaci guda, ka tsoma busasshen tsinke har gindi, ka zare, ka auna inda ya jiƙe da rula. Zurfin ruwan da ke ciki shi ne yawan ruwan da ya sauka, kuma santimita ɗaya milimita goma ce. Ka rubuta kwanan wata da adadin, ka zubar da ruwan. Yaro ɗan aji huɗu zai iya riƙe wannan aiki, kuma na ga yadda yara ke ɗaukarsa da muhimmanci idan aka ba su amanarsa.

Mataki na biyar shi ne ranar shuka, inda asara ta fi yawa. Ruwan farko yana da ruɗi. Na taɓa tsayawa a wata gonar jigawa a arewacin jihar nan bayan ruwan ƙarshen Mayu ya sa mutane sun shuka, sai sama ta ɗauke kusan mako uku. Tsiron geron ya fito da ganye biyu, iskar bazara ta dinga watsa masa rairayi mai zafi har ya koma kamar zaren da aka babbake, kuma mai gonar yana tafe yana tono da yatsa rami bayan rami yana neman wanda ya rage. Irin da ya tanada ya tafi, wanda ya sake shukawa na rance ne.

Ƙa'idar da masana aikin gona na Sahel suka saba amfani da ita ita ce, damina ta kankama idan an samu aƙalla milimita 20 a cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu tsaikon da ya wuce kwana bakwai a cikin wata gudan da ya biyo baya ba. Rabin farko gwangwaninka ne zai gaya maka, wato santimita biyu a jikin tsinke. Rabi na biyu kuwa babu mai tabbatar maka da shi, sai dai ka haɗa shaidu. Ka duba ko ranar ta yi kusa da wadda ka rubuta a littafinka, ka saurari hasashen kwanaki masu zuwa, ka haƙa ƙasa ka ga ko laima ta nutsa aƙalla tsawon tafin hannu, ka kuma lura ko iskar damina ta zauna ko har yanzu tana musanya da busasshiya. Idan ruwa mai yawa ya sauka mako uku kafin ranar da aka yi hasashe, shawarata ita ce ka shuka kashi ɗaya cikin uku na gonar, ka riƙe sauran irin. Idan ruwa ya ɗore ka ci ribar shukar wuri, idan ya tsaya ba ka rasa komai da komai ba. Mai al'adar binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, shi ma ya yi wannan lissafi, domin hatsarin binne shi ne yayyafin da zai tsirar da iri ba tare da ya jiƙa ƙasa ba, kuma wannan hatsari yana ƙaruwa gwargwadon nisan ranar binnewa da ranar da ake sa ran damina.

Mataki na shida, da zarar shuka ta tsaya, ka koma bin hasashen gajeren lokaci, ka kuma koyi fassara harshensa. Idan aka ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ce, ma'anarsa a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi ana samun ruwa a shida, ba a samu a huɗu. Saboda haka ranar da aka faɗi haka ruwa bai zo ba, ba ƙarya aka yi maka ba. Takin yuriya yana son ƙasa mai laima, a tona a rufe shi, amma ba ya son a zuba shi gab da ruwa mai ƙarfi wanda zai wanke shi, kuma ba ya son busasshiyar ƙasa lokacin tsaiko, inda zai ƙone shuka ko ya bi iska. Feshin wake yana buƙatar sa'o'i ba tare da ruwa ba, kuma ba a yin sa cikin iska mai ƙarfi. Idan an yi gargaɗin tsaiko na tafe, ka gaggauta noma da cire ciyawa da rage tsiro, don kada ciyawa ta raba ɗan ruwan da ke ƙasa da amfaninka, ka kuma jinkirta taki har ruwa ya dawo.

Mataki na bakwai na mutanen fadama ne, daga Goronyo da Wurno zuwa Kware da Wamakko da Silame. Ambaliyar gulbi ba ta dogara ga ruwan da ya sauka a kanku. Rima tana kwaso ruwa daga Zamfara da Katsina da kudancin Nijar, gulbin Sakkwato kuma yana biyowa ta madatsar Bakolori, saboda haka sama tana iya zama tas a garinku alhali ruwa yana kan hanya. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka ta kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba su buƙatar a yi musu dogon bayani. Idan ƙaramar hukumarku tana cikin jerin masu haɗari, ka shuka shinkafa da wuri gwargwadon iko don ta yi tsayi kafin ruwa ya cika, ka tambayi malamin gona irin FARO 66 ko FARO 67, waɗanda aka samar don jure nutsewa na kimanin mako biyu, kuma kada ka zuba dukan jarinka a ƙwarya ɗaya, ka riƙe wata gona a tudu. Ku kafa sanda mai alamomi a bakin gulbi, ku wakilta wanda zai duba ta safe da yamma a Agusta da Satumba, ku kuma samu lambar wani amintacce a garin da ke sama da ku wanda zai kira idan ruwa ya taso ko an ba da sanarwar buɗe madatsar Goronyo. Tun kafin lokacin ku yanke a tsakaninku alamar da idan ruwa ya kai ta za a kwashe injinan ban ruwa da taki da hatsi da dabbobi, da wurin da za a kai tsofaffi da yara, domin shawarar da aka bari sai tsakar dare ruwa na shigowa ba ta yin kyau.

Mataki na takwas, kada ka riƙe bayanin kai kaɗai, kuma kada ya tsaya a zaure. Matan gida su ne ke shanya, su ke kiwon jajayen awaki da kaji, da yawansu kuma suna da gayaunarsu ta wake da gyaɗa da kuɓewa, don haka suna da shawarwarin da hasashe zai canza. Idan an ce ruwa zai yi jinkirin ɗaukewa, mai gyaɗa da mai wake suna buƙatar tanadin tabarma ko leda da rumfa, saboda gyaɗar da ta sha ruwa bayan cira tana yin fumfuna mai cutarwa ga mutum da dabba. Idan an ce damina za ta gaza, makiyayi da mai turka su fara tara harawa da kara tun kaka, su kuma sayar da dabbar da za su sayar tana da ƙiba, kafin bazara ta rame ta farashi ya faɗi. Gargaɗin zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato, ya shafi mai albasa a rudu, wato ma'ajiyar albasa, da mai kaji, da lokacin da ya kamata a fita aiki, kuma a wannan tsakani na zafi da ƙura ne sanƙarau ya fi yaɗuwa, don haka cunkoso a ɗaki marar iska abin gudu ne. Mintuna biyar bayan sallar Juma'a, ko a taron ƙungiyar manoma a ƙofar mai gari, sun isa a karanta hasashen mako a fassara shi zuwa aiki.

Mataki na ƙarshe yana zuwa ne bayan an kai amfani gida. Ka buɗe littafin, ka haɗa jimillar abin da gwangwani ya auna, ka rubuta ainihin ranar da damina ta kankama da ranar ruwan ƙarshe da tsaiko mafi tsawo, ka jera su kusa da abin da hukuma ta faɗa da abin da dattawa suka faɗa. A ƙasa ka rubuta dami nawa ko buhu nawa kowace gona ta bayar, da irin da aka shuka a cikinta. Shekara ɗaya ba ta isa ka yanke hukunci ba, amma bayan shekara uku zuwa biyar za ka fara ganin ko ranar farawa a garinku tana yawan zuwa bayan wadda ake faɗa, da kwana nawa ya kamata ka riƙa ƙarawa, da kuma wace alamar gargajiya ce ta fi cika. Ka nuna wa malamin gona waɗannan shafuka, ka roƙe shi ya isar da su sama, domin tashoshin auna ruwa a jihar nan kaɗan ne idan aka gwada da faɗinta, kuma masu hasashe suna buƙatar sanin inda suka dace da inda suka kauce. Sannan ka ja layi, ka buɗe sabon shafi, ka rubuta shekara mai zuwa a samansa, ka ajiye littafin tare da iri har hasashen Fabrairu ya fito.